Yadda Ake Maganin Hankaka a Gona, Daga Ranar Shuka Har Zuwa Shanya

Tunda aka fara sharar gona tambaya ɗaya ce take ta dawo min, wai ya ake yi da hankaka, kuma kusan duk wanda ya tambaya sai ya ƙara da cewa wace bindiga ce ta fi. Daga masu masara a wajen Saminaka da Soba da Giwa, har masu kankana da tumatir a bakin Galma, har matan da suke kiwon kaji a bayan gida, duk kukan ɗaya ne. Toh bari in jero abin gaba ɗaya yadda kowa zai ɗauki wanda ya shafe shi.

Amma tun yanzu in faɗa, maganar bindiga tana can mataki na 7, kuma da gangan na kai ta can. Hankaka ba kullum yake ɓarna ba, lokutansa uku ne: sati biyu zuwa uku na farko bayan shuka, sai lokacin da masara ta yi goyo ƙwayar tana da ruwa-ruwa, sai lokacin shanya. In ka tsare waɗannan ukun, sauran kwanakin shekara ma aiki yake maka, yana cin fara da tsutsa da mushe. Matsalar mutanenmu ita ce sai ya gama tone rabin gona sannan a fara neman mafarauci.

1. Ka fara tabbatar da waye ɓarawon

Kar ka kashe ko sisi kafin wannan. Gonaki da yawa hankaka ake zagi alhali kurege ne ko fakara ko gafiya, shi dai don baƙi ne mai farin ƙirji kuma ga surutu shi ya sa ido yake kansa.

Ka je gonar da sassafe ka bi kunya kana kallon ƙasa. Aikin hankaka a fili yake: yana kama tsiron da baki ya fizgo, ya cinye ƙwayar da take maƙale a gindi, ya yar da ganyen a wurin. Za ka ga tsirrai a kwance a jere suna yaushi, rami bayan rami, don bin layi yake kamar shi ya yi shukar. Kurege kuwa tono yake da ƙafa, za ka ga 'yar ƙasa a tare a gefen ramin, kuma ya fi ɓarna a gefen gona kusa da suri ko duwatsu. Fakara tana barbaza ƙasa irin na kaza. Ɓera da gafiya da dare suke aiki, in ka bar gona lafiya da magariba ka tarar da ɓarna da asuba, toh ba hankaka ba ne, shi baya yawon dare.

In har yanzu kana shakka, ka samu gindin bishiya nesa kaɗan ka zauna tun daga fitowar rana zuwa hantsi. Ka lura da abu uku: ta wace kusurwa suke zuwa, a kan wace bishiya ko ƙarfen sabis suke fara sauka kafin su faɗa gona, kuma su nawa ne. Biyu ko huɗu da suke da sheƙa kusa, aikinsu daban da garken da yake tasowa daga kwata ko bola. Wannan zaman da ka yi shi zai gaya maka inda za ka sa igiya da inda za ka sa tarko, kar ka raina shi.

2. Ɗauke abin da yake gayyato su

Hankaka baya tashi daga gari musamman don masararka, akwai abin da ya fara jawo shi. Duba ko akwai juji kusa, ko inda ake yar da matattun kaji da fasassun ƙwai, ko mushen dabba, ko inda leburori suke zubar da ragowar tuwo. Gonakin da suke gefen gari, irin su bayan Rigasa da Rigachikun da Mararraban Jos, sun fi shan wahala saboda wannan.

Mushe a binne shi da zurfi. Takin bola ko kashin kaji in za ka zuba, ka zuba da wuri kafin huɗa ƙasa ta rufe shi, kar ka jibge shi tsibi-tsibi ana jibi shuka, don cike yake da tsutsa da ragowar abinci, ka tara su da hannunka kenan. Ranar shuka kuma a kula da irin da yake zubewa inda ake buɗe buhu da inda masu shuka suke ɗiba. Ƙwaya goma a fili ta isa ta sanar da su cewa akwai sauran a ƙasa.

Gargaɗi: kar haushi ya sa ka sare bishiyar da suke sauka. Za su koma ta gaba ne kawai, kai kuma ka rasa inuwa, wataƙila ma ka ja wa kanka magana da ma'aikatan gandun daji.

3. Yadda za ka yi shukar

Nan ne rabin maganin yake, kuma kyauta ne.

Zurfin rami ya kai wajen santimita 5, kamar gaɓa biyu na yatsa, a rufe a taka da diddige sosai. Shukar 'yan kwangila ta sauri, wadda ake jefa iri a share ƙasa da gefen ƙafa a wuce, ita ce abincin hankaka. In ƙasa ta danne da kyau, ko ya ja tsiron sai ya tsinke a sama ƙwayar ta zauna, in ya ja biyar bai samu komai ba zai bar layin. Ka bi bayan masu shukar da kanka ko ka sa wani babba, musamman in an biya su da yawan kunya ne ba da yini ba.

Gargaɗi: kar ka ce bari in zurfafa sosai ka wuce santimita 7 ko 8 a ƙasa mai laka, tsiron zai gaji kafin ya fito, ka gudu daga hankaka ka faɗa ruɓewar iri.

Ka jira ruwa ya zauna ƙasa ta jiƙu. A nan wajenmu yawanci ƙarshen Mayu zuwa tsakiyar Yuni ne, kudancin jihar Kaduna su kan riga arewaci. A ƙasa mai laima masara tana fitowa cikin kwana 4 zuwa 7 ta yi saurin wuce lokacin haɗari. Binne kuwa, iri ya kwana goma a busasshiyar ƙasa yana jiran ruwa, duk mai baki da mai farce sai ya ɗanɗana.

Sannan ku daidaita da maƙwabta ku shuka a sati ɗaya. Wanda ya riga kowa shi kaɗai zai ciyar da hankakin yankin, haka wanda ya zo ƙarshe. In gonaki ashirin suka tsiro tare ɓarnar ta rarrabu, kowa ɗan kaɗan zai gani.

Maganin wanke iri irin su Apron Star, ƙaramin ƙunshi na giram 10 na kilo 4 na iri ne, yana da amfani a kan ƙwarin ƙasa da ciwon tsiro, amma ba maganin tsuntsu ba ne, kar mai shago ya ce maka haka ka je ka kwanta. Masu jiƙa iri da kananzir ko baƙin mai kuma, gaskiya ban goyi baya ba, yana iya kashe ƙwayar. Ka ware kilo ɗaya ko biyu a kowace hekta na cike gurbi, kuma ka cike cikin satin farko, in ka makara manyan za su rufe ƙananan.

4. Igiya, ƙyalli da mutum-mutumi

A kafa su ranar da aka yi shuka ko washegari, kafin su ɗanɗana. Wanda ya riga ya ci ya ji daɗi korarsa ta fi wuya nesa ba kusa ba.

Abin da na fi yarda da shi shi ne igiya a sama. Hankaka yana tsoron sauka inda yake ganin fiffikensa zai iya harɗewa in ya zo tashi da sauri. Ga lissafin hekta ɗaya, wato mita 100 a kowane gefe: layin igiya duk bayan mita 10, layi 11 kenan, mita 1,100 na igiya. Sanda duk bayan mita 20 a kowane layi, shida sau 11, sanda 66. Tsayinsu ya kai kafaɗar mutum ko ya ɗan fi. Zaren ɗinkin buhu ko siririyar igiyar leda ya isa, zaren fatsa ma ya fi don baya ganinsa sosai sai ya matso, abin yana ruɗa shi. Duk za ka samu a Kasuwar Bacci ko Kasuwar Sheikh Gumi, na Zariya kuma Sabon Gari. In sandunan daga gonarka ka saro, kuɗin igiyar baya kai na buhun taki ɗaya, kuma in ka naɗe ta da kyau za ta yi maka damina biyu. Mai eka ɗaya ya raba lissafin nan gida biyu da rabi.

A jikin igiyar ka ɗaura abin ƙyalli duk bayan taku biyar ko shida: tsofaffin faya-fayan sidi, zaren kaset in har yanzu akwai mai shi, ledar biskit mai azurfa a ciki a yanka ta tsiri-tsiri. A kusurwar da suke shigowa ka rataya gwangwanaye biyu-biyu da tsakuwa a ciki yadda iska za ta kaɗa su.

Gargaɗi: in gonarka tana bakin burtali ko hanyar da masu babur suke ratsawa, kar ka ja igiya ta tsallaka hanyar, musamman zaren fatsa da ba a gani. Yana yanka wuya. Kuma bayan ka gama ka kwashe ledojin nan kaf, shanu da awaki suna haɗiyewa.

Mutum-mutumi kuma, kuskuren da kowa yake yi shi ne a kafa shi a tsakiyar gona a manta da shi har kaka. Kwana uku ya ishe su su gane, a na huɗu a kan hularsa za su sauka. In za ka yi, ka yi shi da girman mutum sosai, hannun rigar ya zama yana lilo, ka riƙa canza masa wuri duk kwana biyu, yau a tsaye gobe a tsugune gefen kunya, ka canza riga. Dabarar da ta fi ita ce wani lokaci mai gadi ya sa irin rigar ya zauna shiru a wurin, in sun sauko ya tashi da danƙo. Daga ranar ba su ƙara sanin wanne ne na gaske ba. Tsuntsun nan yana da ƙwaƙwalwa fiye da yadda muke zato, a jami'ar Washington da ke Amurka an gwada 'yan uwansa na can, masu bincike suka sa wata fuskar roba suka kama wasu suka sake su, shekaru bayan nan duk wanda ya sa wannan fuskar sai sun bi shi da ihu. Toh wanda yake riƙe fuskar mutum, rigar buhu ce za ta ruɗe shi wata guda?

Kar ka fito da duk kayanka rana ɗaya. Igiya ta zauna, amma sauran a riƙa juya su, wannan satin ƙyalli, na gaba gwangwani da mutum-mutumi.

5. Gadi

Duk dabarun sama taimako ne, mutum a gona shi ne asali. Sa'ar da aka yi ba yini ake so ba, daga fitowar rana zuwa hantsi, sai kuma daga la'asar zuwa faɗuwar rana, na tsawon sati uku. Da zarar masara ta yi ganye huɗu zuwa biyar ƙwayar ta riga ta shanye, ko ya tumɓuke ba abin da zai samu, da kansa zai daina.

Mai gadi ya riƙe danƙo ko majajjawa da busassun ƙwallayen laka, sun fi dutse don in sun faɗi fashewa suke kuma ba sa cika gona da tsakuwa. Ya riƙa zagayawa, kar ya zauna gindin bishiya ɗaya yana danna waya. Ya iso kafin su, wannan shi ne sharaɗin, wanda ya zo ƙarfe takwas ya zo gaisuwa ne.

Wajen kuɗi, ku yi ciniki a kan sati uku gaba ɗaya ba kullum-kullum ba, a biya rabi a farko rabi in tsiro ya tsira. Maƙwabta uku ko huɗu su haɗa su ɗauki mutum ɗaya ya fi sauƙi. Kuma dan Allah a daina cire yara daga makaranta saboda wannan, balle a tura yaro shi kaɗai gona mai nisa da asuba a halin da ake ciki.

Akwai masu jiƙa masara mudu ɗaya ko biyu su watsa a can nesa da gona don hankakin su ƙoshi su bar tsiro. Tana aiki in 'yan kaɗan ne kuma ba ka fasa ko rana ɗaya ba har sati ukun su cika. In garke ne daga gari, wallahi ƙara gayyato su za ka yi.

Gargaɗi: nokawut da duk wani abin fashewa, a bar shi. A Giwa ko Birnin Gwari ko Kajuru ko Chikun, ƙara ɗaya da asuba ta isa ta tashi ƙauye guda a guje.

6. Tarkon keji

Wannan na wanda abin ya zame masa na kullum ne, kamar mai gidan kaji ko mai lambu kusa da gari. Mai gonar damina kawai bai cika buƙatarsa ba.

Keji ne babba da mutum zai iya shiga, kamar mita biyu da rabi a tsawo da faɗi, tsayi kusan mita biyu, katako da wayar kaji, da ƙofa a gefe. Rufin ba shimfiɗe yake ba, ɓangarorin biyu suna gangarowa ciki su haɗu a tsakiya, a tsakiyar kuma an kwantar da wani abu kamar tsani mai tazarar wajen santimita 15 tsakanin matakala. Hankaka yana naɗe fiffike ya faɗa ta tsakanin matakalan, in ya zo fita kuma da buɗaɗɗen fiffike yake tashi, sai ya nufi kusurwoyin sama inda waya ta rufe. Ƙarshen tsanin biyu a toshe su da katako kamar taƙi biyu, in ba haka ba ta jikin waya zai hau ya fice. Kowane kafinta zai haɗa maka in ka zana masa, waya da katako kuma Panteka ko 'yan katako. Wayar ce mai cin kuɗin, don haka ka sa a yi shi bango-bango da za a iya kwancewa a kai wata gona, ku yi karo-karo.

Ka ajiye shi a hanyar da ka ga suna bi, ba tsakiyar shuka ba. Kwana huɗu ko biyar na farko ka cire tsanin ka bar ƙofa a buɗe, ka zuba kayan ciki daga mahauta, fasassun ƙwai, ragowar tuwo, su saba shiga da fita. Sannan ka mayar da tsani ka rufe. In ya kama, ka bar ɗaya ko biyu a ciki, su ne za su kira sauran.

Gargaɗi: dole ruwa da inuwa da sandar sauka a ciki, kuma dole ka duba kullum. Barin tsuntsu ya mutu da ƙishi a keji zalunci ne, ba noma ba. Duk abin da ya faɗa wanda ba hankaka ba, shaho ko shirwa ko mujiya, a buɗe masa ya tafi. Kwashewa kuma bayan duhu ya shiga ake yi, in sauran suna kallo daga bishiya ka gama da tarkon nan. Wanda za a kashe a yi shi da gaggawa lokaci ɗaya.

7. Harbi

Ta fuskar addini ba matsala, hankaka yana cikin dabbobi biyar da hadisi ya yi izinin kashewa saboda cutarwarsu, yana cikin Bukhari da Muslim. Inda matsalar take shi ne doka da kuma halin tsaro.

Takarda tukuna. A dokar makamai ta Najeriya, bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba, bindigar iska ma a wannan rukunin take, wadda ake gani kamar ta wasan yara. Riƙe su ba lasisi yana iya kai mutum ɗaurin da ya kai shekara 5. Bindigar toka ta mafarauta kuwa a hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha take. A watan Agustan 2023 rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da bayar da sabon lasisi, don haka kafin ka ba kowa kuɗi ka je hedikwatar 'yan sanda ta jiha da ƙafarka ka ji matsayin da ake ciki. Duk wanda ya ce kawo kuɗi zai fito maka da takarda ta bayan gida, ka rabu da shi.

Shawarata ga yawancin manoma, kar ka sayi bindiga saboda hankaka. Ka nemo mafarauci sananne ta hannun sarkin baka ko mai unguwa, ka ga takardarsa da idonka, ka sayi harsashi ka biya shi ladan safiya ɗaya ko biyu. Aron bindiga kuma babu shi, lasisi na mutum ɗaya ne da bindiga ɗaya.

Kwana ɗaya kafin nan a sanar da mai unguwa, da 'yan sintirin yankin, da ofishin 'yan sanda mafi kusa, da maƙwabtan gona, da Fulanin da suke kiwo a wajen, a faɗi rana da lokaci. In akwai sojoji a kusa ko an yi wani tashin hankali kwanan nan, a fasa kawai. Mutum da bindiga a cikin ciyawa da duku-duku, ba wanda zai tsaya tambayarsa ko hankaka ya zo nema.

Yadda ake yi: da yamma a haɗa 'yar maɓoya da kara da ganye a gindin wani daji, tazarar taku 25 zuwa 30 daga inda suke sauka, a rufe ta har sama don daga sama suke kallo. A bar ta kwana ɗaya ko biyu su saba da ita. Rana ta kasance a bayan maharbi, iska ma in da hali ta bayansa take busowa, don tsuntsu yana fuskantar iska ne in zai sauka, kaga zai zo ta gabansa a hankali. A zuba ɗan abinci a wurin. Maharbi ya shiga kafin gari ya waye sosai, kaya marasa haske, ba farar riga ba, fuska a rufe, kuma ba motsi. Harsashi mai ƙananan dalma, lamba 6 ko kusa da haka, ya isa. Abin da ya wuce mita 35 a ƙyale shi, raunata shi kawai za a yi.

Gargaɗi, kuma wannan ya fi duk abin da na rubuta muhimmanci: kafin a ɗora yatsa a kunama a san abin da yake bayan tsuntsun. Dalmar nan tana tafiya fiye da mita 200. Ba a harbi ta wajen gari, ko hanya, ko burtali, ko rafi inda mata suke wanki, ko cikin dogon kara da ba a ganin ƙarshensa. Ba a harbin tsuntsu a kan wayar lantarki ko ƙarfen sabis. Ba a harbin motsi, sai an ga abu ƙuru-ƙuru. Yara su yi nisa, mai gona ma ya zauna a bayan maharbi. Bindiga a buɗe ba harsashi har sai an zauna a maɓoya, a kuma cire kafin a tashi. Masu ta toka kar a ƙara albarushi wai don ta yi nisa, yatsu nawa aka rasa a haka.

Kar ka sa ran kashe da yawa. Ɗaya, biyu, in an yi sa'a uku, sauran sun ɗauki darasi. Dama darasin ake nema. A ɗaure wanda aka samu ta ƙafa a rataye shi kai ƙasa a doguwar sanda, fiffike a buɗe, a kusurwar da suke shigowa, gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Shi ma a riƙa matsar da shi duk kwana biyu zuwa uku. Wanda ba shi da hanyar harbi zai iya ɗinka na ƙarya da baƙin ƙyalle da ɗan fari a ƙirji, yana aiki daidai gwargwado in an rataye shi kafin gari ya waye ba su gani ba. Kar a maimaita harbi a maɓoya ɗaya kwana biyu a jere.

Gawar a ɗauke ta da leda a hannu, in ta gama aiki a binne, a wanke hannu da sabulu, kar a kai ta kusa da kaji. Mu a Kaduna mun san murar tsuntsaye, a wata gonar kaji kusa da Jaji aka fara tabbatar da ita a Afirka a watan Fabrairun 2006. In kuma ka tarar da tsuntsaye suna mutuwa da kansu a gona, kar ka taɓa, ka kira malaman dabbobi.

8. Guba: babu

Na san ana yi, a kwaɓa maganin ƙwari da masara ko a zuba a ƙwai a ajiye. Hankaka biyu za su ci, sauran su gane su daina. Ragowar kuma zabin maƙwabci su ci, kare ya ci gawar, ungulu ta ci karen, ga shi dama ungulu ta kusa ƙarewa a garuruwanmu. Fakara da kurciya da suka ci yara su tsince su a gasa. Ruwan sama ya wanke sauran zuwa rafi. Rigimar da akuyar mutum ɗaya za ta jawo maka a gaban mai unguwa ta fi kuɗin irin da kake karewa.

9. Lokacin goyo da shanya

Bayan tsiro ya tsira ka kwance ƙyalli da mutum-mutumi ka ɓoye, kar su yi wata biyu suna kallonsu. Ka dawo da su wajen sati biyu zuwa uku bayan masara ta fitar da gemu, lokacin da in ka matsa ƙwaya farin ruwa yake fita. Igiyar a ɗaga ta sama da kan masara, kuma a fi ba layukan gefe ƙarfi, daga nan suke farawa. Ɓarnar wannan lokacin ba abin da ya ci ba ne kawai, ɓawon da ya yage ruwa yake shiga, ƙwari su bi, kan ya yi funfuna, irin wadda take sa kamfanonin abincin kaji su mayar da buhu. Duk kan da aka buɗe ka cire shi daban, kar ya shiga cikin na ajiya.

In za ka sayi iri ka tambayi malamin gona na KADA, hukumar noma ta jihar Kaduna, ko 'yan cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru, wanda ɓawonsa yake rufe kai ruf har baki. Mai ƙaramar gona ko mai noman iri zai iya sa wa kowane kai tsohuwar safa ko yankin gidan sauro bayan gemun ya bushe, ba leda ba, leda tana tara gumi. In masara ta nuna kuma ba ka shirya girbi ba, ka karya karan a ƙasan goyon kan ya kalli ƙasa, ba wurin tsayawa ga tsuntsu kuma ruwa baya shiga.

Kankana a lulluɓe 'ya'yan da busasshiyar ciyawa tun suna kamar dunƙulen hannu. Gyaɗa in an cire kar a bar ta a baje 'ya'ya a sama ba kowa a wurin. Wajen shanya, tamfol kusa da gida ko inda mutum yake zaune, a ja igiya biyu ko uku a sama, in za a tashi a rufe da tsohon gidan sauro a danne gefen da duwatsu.

Masu kaji kuma, 'yan tsaki da 'ya'yan zabi su zauna ƙarƙashin kwando ko cikin akurki mai raga a sama har su yi wata guda, a kwashe ƙwai safe da yamma, a daina watsa musu tsaba a tsakiyar fili, a zuba a ƙarƙashin rumfa inda sai ya shigo inuwa kafin ya ɗauka.